Gurbi 12: yadda nake haɗa kiɗa da ƙananan na'urori da feda ɗaya

Sana'ata gyaran waya ce, a nan Kano. Yini nake yi a sunkuye da ƙarfen liƙi da dalma a hannu. Da dare kuwa, idan an idar da sallar isha'i gida ya yi tsit, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zazzage wata tsohuwar jakar makaranta. A cikinta akwai Volca Beats ta ganga da Volca Keys ta murya, na kamfanin Korg, da wata 'yar na'ura mai kama da kalkuleta da ake kira PO-33, da feda ɗaya ta Zoom, wato 'yar na'urar da sauti ke bi ta cikinta ta sauya shi, da ƙaramar mikisa mai haɗa sautukan wuri ɗaya, da dunƙulen wayoyi. Duka a haɗe ba su kai nauyin kwanon shinkafa ba. Da su nake kiɗa, kuma ko an kawo wuta ko an ɗauke duk ɗaya ne a wurina, don batir suke ci.

Samari sukan tsaya a shago su ce, "Oga, wai ta ina ake farawa?" Hayaniyar kasuwa ba ta barin mutum ya yi bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Nijar da ogan na lantarki, aka daɗe ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasar. Sitidiyoyinmu kuma da fiyano suka tashi kafin kwamfuta da manhajar FL Studio su karɓe aikin. Ba ni da faɗa da kwamfuta. Sai dai a gabanta ido ne yake aiki, a nan kuwa hannu ne da kunne, kuma ni abin da nake nema ke nan bayan na yini ina kallon gilashin wayoyin mutane.

Ka fara da na'ura biyu kawai, ɗaya ta ganga ɗaya ta murya. Korg ya fito da Volca Beats da Bass da Keys a 2013. Kowace tana cin batir AA guda 6, tana da 'yar sifika a jikinta, kuma tana da sikwensa, wato abin da zai riƙe kiɗan da ka shirya ya yi ta maimaita shi. Pocket Operator, dangin PO-33, na kamfanin Teenage Engineering na ƙasar Suwidin sun fara fitowa a 2015, su batir AAA guda 2 ya ishe su. Roland ma yana da ƙanana irin su T-8 masu batir a ciki, ana cajinsu kamar waya. Duk wadda ka samu ta yi. Yawancinmu na hannu muke saye, to kafin ka miƙa kuɗi ka buɗe gidan batir ka duba. In ka ga farin gari ko kore-kore a jikin ƙarfen, batir ya taɓa fashewa a ciki, sai ka yi ciniki da sanin haka ko ka haƙura. Ka sa hedifon ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana sauraren ƙarƙar. Ka ɗan girgiza kan waya a cikin jak ka ji ko sauti zai yanke.

Yanzu maganar wuta, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake asara.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da ƙanena a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Yaya, fedar nan taka ta ƙi kawo wuta, sai wani ƙauri take yi." Na ce, "Da wace caja ka jona ta?" Ya nuna mini ta dikoda. Wata tsohuwar feda ce ta amsa-kuwwa da nake da ita a lokacin. Na kwance ta a shago washegari, na samu diyod ɗin da ke bakin wuta ya yi baƙi ƙirin. Allah Ya taimake ni shi kaɗai ya ƙone, na canza shi ta tashi. Ba kullum ake wannan sa'ar ba.

Ga abin da ya faru. Galibin fedoji, irin na Boss da masu bin tsarinsu, bolt 9 suke sha, kuma tsakiyar kan cajar mainos ne. Cajar dikoda da ta rauta yawanci bolt 12 ce, tsakiyarta filas, kuma kanta yana shiga ramin feda daram kamar don ita aka yi shi. Volca ita ma bolt 9 ce, amma tsakiyarta filas ne, akasin feda. Saboda haka kada shigar kai ta ruɗe ka. A jikin kowace caja da kowace na'ura akwai ɗan zane, ɗigo a cikin rabin da'ira, da layi ya fita daga ɗigon zuwa alamar filas ko mainos. Sai zanen caja ya yi daidai da na na'ura, bolt ma ya yi daidai, sannan ka jona. In kana da mita ka auna, musamman cajar nan mai kawuna da yawa da ake iya juya kanta. Ni tun daga ranar na ɗaura jan zare a cajar Volca, na liƙa farin salatif a ta feda.

Duk da haka batir na fi so. Wutar janareta tana hawa tana sauka, kuma idan ka jona na'urori da yawa a soket ɗaya sau da yawa za ka ji wani ƙugi a ƙasan sautin wanda ba ya tafiya. Da ka koma batir sai ka ji tsit. Ka sayi masu caji, saiti biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana jiran wuta. Volca tana da wurin da ake gaya mata irin batirin da aka sa mata don ta nuna ragowar ƙarfinsa daidai, takardar da ke zuwa da ita ta yi bayanin yadda ake shiga wurin. Fedata MS-70CDR ce, AA guda 2 take ci. Fedar amsa-kuwwa mai batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuwa, kafin ka ankara ta shanye shi, ita gara a nema mata cajarta ta asali.

Wayoyin sauti ma akwai abin lura. Volca ta ramin hedifon take fitar da sauti, ƙaramin jak na milimita 3.5. Feda kuma babban jak take karɓa na milimita 6.35, irin na jita. Ka nemi waya mai ƙaramin kai ɗaya mai zobe 2 a gefe guda, da manyan kawuna 2 a ɗaya gefen. Ana samu a Sabon Gari wajen masu kayan sifika. Beats da Keys sauti iri ɗaya suke turawa hagu da dama, don haka babban kai ɗaya ya isa, ɗayan ka naɗe shi kada ya taɓa ƙarfe. Kada ka cusa ƙaramin kai mai zobe ɗaya a ramin hedifon, yana haɗe ɓangare guda da ƙasa. Sannan ka tuna don jita aka ƙera feda, kuma sautin jita bai kai na sintesaiza ƙarfi ba. Ka fara da VOLUME a ƙasa da rabi. In ka ji sauti yana fashewa kamar tsohuwar rediyo, daga na'urar za ka rage, ba daga mikisa ba.

Jerin nawa shi ne: Beats kai tsaye zuwa mikisa, Keys ta bi ta feda sannan mikisa, PO-33 ita ma kai tsaye. Mikisar ka nemi mai shan wutar USB don fawa banki ya riƙe ta. Sai ɗaura su a gudu ɗaya. Ka ɗauki ƙaramar waya daga SYNC OUT na Beats zuwa SYNC IN na Keys, daga nan Keys ta daina bin nata gudun, sai na Beats. In za ka ƙara PO-33, ka ja wata wayar daga SYNC OUT na Keys zuwa ramin shigarta, ka sa ta a SY2, yanayin da take bin gudun wata na'ura. Wayar nan gudu kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar umarnin tashi ko tsayawa, kowace sai ka danna mata PLAY. Idan kan kiɗan bai haɗu ba, tsayar da mai bi ka sake tayar da ita daidai kan bugun farko.

To ga abin da ya sa na rubuta wannan duka. Na'urorin nan da gurbi 16 suke zuwa, jere kamar gurabun dara, kuma an tsara su ne huɗu-huɗu don kiɗan gidajen rawa na Turai da Amurka. Na yi watanni ina cika gurabun nan, abin yana fita tsaf amma jikina bai amsa ba. Kiɗan da na tashi ina ji a gidan biki, na kalangu da na ƙwarya, da yawansa uku-uku yake tafiya. Ranar da na rage gurabun zuwa 12, a ranar na'urar ta fara magana da harshen da na sani.

Yadda ake yi a Volca: ka danne FUNC ka taɓa ACTIVE STEP, sai ka kashe gurbi na 13 zuwa na 16. Ka yi haka a Beats, ka yi a Keys. Yanzu kiɗan zai riƙa juyowa daga 12. Ka sa TEMPO a 100. Ka zuba KICK a gurbi na 1 da 4 da 7 da 10, wannan shi ne takun ƙafa, 4 a kowane zagaye. Ka zuba CL HAT a 1, 3, 5, 7, 9, 11, wannan shi ne tafi, 6 a zagaye. Ka tsaya nan ka saurara na minti biyu kafin ka ƙara komai. Ƙafa tana taka 4, hannu yana tafa 6, suna rabuwa suna haɗuwa. Wannan ja-in-jan shi ne yake motsa kafaɗa. Daga nan sai LO TOM a 6 da 12, HI TOM a 3 da 9, sannan ka cire KICK na 4 ko na 10 ka ji yadda kiɗan zai yi ɗingishi mai daɗi. Wannan zubin nawa ne, ba doka ba ce. Ka je inda ake kiɗa ka ƙirga da yatsa, ka dawo ka zuba abin da kunnenka ya riƙe.

Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sai murya ta hau, ya saki ta sauka. A Beats ina kwaikwayon haka da maɓallin PITCH na tom ɗin, ina murɗa shi sama kaɗan kafin bugu in dawo da shi bayan bugu. Ba zai zama kalangu ba har abada, kuma ba na son in yaudari kowa cewa ya zama, amma gangar takan daina tsayuwa ƙiƙam a murya ɗaya.

Ɓangaren murya ya fi sauƙi. A Keys ka tsaya a layin sama na madannan, waɗanda a fiyano su ne baƙaƙe. Murya 5 ce, kuma yawancin waƙoƙinmu a kan murya 5 suke tafiya, shi ya sa da wuya ka taɓa wadda za ta yi tsami. Ka sa VOICE a UNISON. CUTOFF kamar rariya yake, in ka rufe shi kaushin sauti ya tsaya sai laushin ya wuce, in ka buɗe komai ya zubo. Rufe shi zuwa rabi, ƙara PEAK kaɗan, sai PORTAMENTO ɗan ƙanƙani don murya ta riƙa zamewa zuwa ta gaba yadda ɗan yatsan mai goge yake yi a kan izga. In kana son abu mai tsini irin na algaita, buɗe CUTOFF sosai ka sa LFO ya ɗan girgiza muryar. Danna REC ka buga gajeriyar jimla, murya 4 ko 5 sun isa, ka bar gurabu da yawa babu komai. Mai farawa yakan cika ko'ina. Ka bar fili, feda ce za ta zauna a wurin.

Feda iri-iri ce, amma biyu ne ba na rabuwa da su. Dile ita ce amsa-kuwwa, ka yi magana ta maimaita. Ribab kuma amon wuri ne, irin wanda kake ji in ka yi magana a cikin babban zaure ko bakin rijiya. In kana da fedoji da yawa, mai kausasa sauti ce a gaba, sai mai kaɗa shi irin su koras, sai dile, ribab a ƙarshe. MS-70CDR tana ɗaukar har 6 a jere a cikinta, amma ni 2 nake kunnawa.

Amsa-kuwwa sai an ɗaura ta a kan gudun kiɗa, in ba haka ba ta zama hayaniya. Lissafin ba wuya. Ka raba 15,000 da lambar da TEMPO ya nuna, abin da ya fito shi ne tsawon gurbi ɗaya a milisakan. A 100, gurbi ɗaya 150 ne. In ka sa dile a 450, wato gurbi 3, amsar za ta faɗo daidai kan takun ƙafa, kiɗa ya zauna daram. In ka sa a 300, gurbi 2, sai ta bi tafi, ta riƙa gittawa tsakanin takun. Ni 300 na fi so nesa ba kusa ba. Ka buga murya ɗaya a gurbi na 1 ka ji yadda za ta haifi 'ya'ya a 3 da 5 da 7, kowane ya fi na gabansa rauni. Maimaicin ka bar shi ya amsa sau 3 ko 4 ya mutu. Wani lokaci ina ɗaga shi har amsar ta fara hawa kan kanta tana neman ƙwacewa, sai in dawo da shi kafin ta cika kunne, amma ka yi wannan da hannu ɗaya a kan VOLUME, musamman in hedifon ne a kanka. Ribab kuma kamar gishiri ne a miya. Kuma kada ka tura KICK cikinta, kiɗan gaba ɗaya zai dagule kamar ruwan kududdufi. Dalilin da ya sa Beats ba ta bi ta feda ke nan a jerin nawa.

PO-33 aikinta daban ne, ita naɗar sauti take yi. Tana da makirfo a jikinta, tana riƙe daƙiƙa 40 gaba ɗaya. Lamba 1 zuwa 8 na murya ne, 9 zuwa 16 na ganga, kuma abin da ka naɗa a na ganga ita da kanta take yayyanka shi. Gwaggona tana cikin matan da ke kiɗan ƙwarya a bikin dangi. Na je gidanta da hantsi na gaishe ta, na gaya mata abin da nake so da abin da zan yi da shi, ta yarda. Ta cika baho da ruwa ta kifa ƙwarya a kai. Na durƙusa na kara na'urar kusa, na ce, "Gwaggo, don Allah ki buga sau ɗaya, ki bari sai ta yi shiru sannan ki sake." Ta ce, "Kai ɗan nan, ana buga ƙwarya sau ɗaya ne?" Amma ta yi. Bugun tsakiya ya fito da wani zurfi da babu na'urar da ta taɓa ba ni irinsa, na gefe kuma ya fito a bushe, ƙwas. Na datse shirun da ke gaban kowane bugu na jera su nan take na kunna mata. Ta saurara har zagaye ya kai goma, sannan ta ce, "Kiɗan ya yi, sai dai ba ya kallon mai rawa."

Maganar nan ta canza yadda nake aiki. PO-33 ba ta yarda a rage mata gurbi, 16 ne ko ana ha-maza-ha-mata. Akwai dabara: zagaye 4 na mai 12 daidai yake da zagaye 3 na mai 16, duka 48 ne, sai ka shimfiɗa zubinka a kan fatan 3, wato jere 3 masu gurbi 16, ka sarƙa su. Na yi hakan, yana aiki. Amma yanzu na fi barin ta babu zubi, in riƙa buga ƙwaryar Gwaggo da yatsa a kan kiɗan, in jinkirta a nan in riga a can. Haka ma sauran. Zagayen gurbi 12 bai kai daƙiƙa 2 ba, kai ne za ka mayar da shi waƙar minti 4. Ka fara da tafi kaɗai. Ka shigo da ƙafa. Ka danne MUTE ka ɗauke ganga gaba ɗaya ka bar amsa-kuwwa tana yawo ita kaɗai, ka ƙirga zagaye 2, ka dawo da komai lokaci guda kana buɗe CUTOFF a hankali. Hannu biyu gare ka, don haka ka yanke tun kafin ka fara wane maɓalli ne na dama wane ne na hagu.

Naɗa kuma a waya nake yi. Kada ka jona mikisa a ramin hedifon na waya, an yi shi ne don ƙaramin makirfo, sautin zai fashe. Mikisa mai USB ko ƙaramar na'urar shigar da sauti, da wayar OTG, su ne hanya. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, don kada kira ya katse ka, kuma don kada neman sabis ya shiga sautin da tsit-tsit ɗinsa. Ka duba ma'aunin manhajar, wuri mafi ƙarfi ya tsaya wajen -6, kada ya taɓa ja. Ka ajiye a WAV. Ka naɗa sau 3 daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa ba, ko ka yi kuskure ka wuce, sau da yawa na biyun ne yake fin rai. Kafin ka tattara kaya ka ɗauki hoton fuskar kowace na'ura. Gidan ajiya 8 ne a Beats da Keys, kuma zubi suke riƙewa, ba sa riƙe inda ka bar kowane maɓalli.

Lokacin hunturu ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, ita ke sa maɓallai ƙarƙar. Ina share su da burushin fenti mai laushi, in naɗe kowace a tsohon rawani kafin ta koma jaka. In zan yi mako ban taɓa su ba sai in cire batir. Ba na barin su a ɗaki mai kwano da rana tsaka. Da dare kuma hedifon ne, maƙwabta suna da haƙƙi, kuma da na ji kiran sallah nake kashewa.

Washegari, kafin ka tura wa kowa, ka saurari abin da ka naɗa a sifikar waya da kuma 'yar MP3 irin ta masu shayi, don a nan yawancin mutane za su ji shi. Abin da ya girgiza maka kai a hedifon yakan ɓace ɓat a ƙaramar sifika, musamman KICK. In haka ta faru, ka koma kan Beats ka ƙara CLICK, ka ɗaga PITCH ɗinsa kaɗan, ka rage DECAY, ka ɗora LO TOM a kansa a gurbi na 1 da na 7, sannan ka sake naɗa.